Yadda Ake Auna Haɗarin Ɗaga Kaya da Manhajar Gwani, Mataki-Mataki

Tambayar da aka fi yi mini a kan ciwon bayan masu lodi ita ce: ta yaya mutum zai gane aikin ɗaga kaya ya wuce ƙa'ida tun kafin ya kwantar da wani? Masu tambayar iri-iri ne. Akwai mai sito a kasuwar Singa, akwai mai kula da gidan fiya wata, akwai ɗalibin injiniya, akwai jami'in kiyaye haɗurra a kamfani. Yawancinsu sun ji cewa akwai manhajar da ake ba ta lambobi ta faɗi hukunci, kuma gaskiya ne akwai ta. Ina kiranta manhajar gwani, domin ƙa'idojin ƙwararru aka tattara aka zuba mata a sigar "idan kaza ne, to kaza". Tana yi maka tambayoyin da ƙwararren zai yi, ta yanke hukunci, mai kyau a cikinsu har ta faɗi dalili.

Sai dai abin da ka ba ta shi za ta dafa maka. Mafi yawan aikin a bakin sito ake yin sa, da tef a hannu, kuma a nan zan fi daɗewa.

Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji a kan lissafin NIOSH aka gina su, wato cibiyar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata, wadda ta sabunta lissafin a 1991 ta kuma fitar da littafin amfani da shi a 1994. Shi za mu bi. Misalin da zan riƙe daga farko har ƙarshe: mai lodi yana ɗaga buhun shinkafa mai kilo 25 daga ƙasa yana ɗorawa a bayan motar Kanta.

Kayan da za ka tanada

Tef na magina mai santimita, sikeli, alli, igiya ɗaure da ƙaramin dutse, abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, takarda da biro, sai waya mai kyamara da agogo. Sikeli ne kaɗai mai ɗan tsada, kuma da wuya ka rasa na aro a kasuwa. Manhajar NLE Calc ta NIOSH kyauta ce a Android da iPhone. Ita ce mafi sauƙin samu, kodayake ta fi kusa da injin lissafi fiye da cikakkiyar manhajar gwani. Akwai na kuɗi masu ba da shawarar gyara, har da masu karanta motsin jiki daga bidiyo, amma kada ka sayi ko ɗaya sai ka iya aunawa da hannu. Abin da zai fi ci maka shi ne lokaci: ware wa aiki ɗaya kusan rabin yini a karon farko.

Mataki na 1: Zaɓi aiki ɗaya, ka nemi yardar masu yin sa

"Aikin sito" ba aiki ɗaya ba ne. Sauke kaya daga tirela daban, jera su daban, loda wa mai saye daban. Zaɓi guda, wanda aka fi kuka da shi.

Daga nan ka sami shugaban 'yan dako ko babba a cikinsu. Ka gaisa da shi yadda ya kamata, ka ce masa, "Baba, aikin nake so in auna, ba ƙarfin kowa ba, kuma ba za a sallami kowa saboda wannan ba." Ka tabbata maigidan wurin ya amince da wannan alkawarin kafin ka furta shi. Ka nemi izini kafin ɗaukar bidiyo.

Gargaɗi: da zarar mutum ya ga kyamara yakan canja salo. Wani ya riƙa durƙusawa a hankali kamar a gaban likita, wani kuma ya ninka sauri don kada a ce ya gaza. Ka bar su su yi kamar minti goma suna aiki kafin ka fara ƙidaya komai.

Mataki na 2: Duba ko lissafin ya shafi wannan aikin

An yi lissafin NIOSH ne domin mutum ɗaya, a tsaye, yana ɗagawa ko saukewa da hannu biyu. Ba ya aiki idan da hannu ɗaya ake ɗagawa, ko a zaune, ko a kan gwiwa, ko a wurin da ba a iya miƙewa. Ba ya aiki a kan shebur, baro ko kura, ko kayan da ke motsi kamar dabba ko majinyaci, ko ƙasa mai santsi, ko aikin da ya wuce awa 8. Taku ɗaya ko biyu da kaya a hannu ba komai, amma tafiya mai nisa da kaya ta fita daga cikinsa, haka ma ɗaukar buhu a ka ko a wuya.

Manhaja ta gari waɗannan tambayoyin za ta fara yi maka. Wadda ta tsallake su ta wuce kai tsaye wajen lambobi, kai za ka yi mata wannan aikin. Idan aikin tafiya da kaya ne ko ɗaukar haɗin gwiwa, koma ga jadawalin MAC na HSE, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, mai raba haɗari da launi: kore, ruwan lemo, ja da shunayya. Don aikin tura kaya da jan su kuma hukumar tana da wani jadawalin mai suna RAPP.

Gargaɗi: lissafin ya ɗauka cewa zafin wurin aiki yana tsakanin digiri 19 da 26. Sito mai rufin kwano a Kano cikin Afrilu ya yi nisa da haka, don a waje ma zafi yakan haura 40. Za ka iya ci gaba da aunawa, amma ka rubuta zafin wurin a takardarka, ka kuma ɗauki lambar da ta fito a matsayin mafi ƙarancin haɗarin. Na gaskiya ya fi ta.

Mataki na 3: Auna nauyin kayan

Ɗora a sikeli. Kada ka dogara da rubutun jikin buhu, musamman buhun hatsi da aka cika da kwano aka ɗinke a kasuwa, ko wanda ya sha laima. Auna guda biyar, ka rubuta matsakaicinsu da kuma mafi nauyinsu. A misalinmu kilo 25 ne.

Mataki na 4: Auna nisan kaya daga jiki

A manhaja harafin H ne. A nan aka fi yin kuskure, kuma a yawancin ayyuka shi ne ke cin kaso mafi girma. Kowa ya san bambancin riƙe bokitin ruwa a jikin cinya da riƙe shi da miƙaƙƙen hannu. Ruwan bai ƙaru ba, amma kwankwaso ya san an yi wani abu.

Ga yadda ake yi. Ka ce wa mai lodin ya tsaya cak a daidai lokacin da ya kama buhu zai ɗaga. Da alli, yi alama a ƙasa a tsakiyar idon sawunsa biyu, ta ciki. Sai ka saki igiyarka mai dutse daga tsakiyar hannayensa biyu, ka yi alama inda dutsen ya nuna. Auna tsakanin alamomin biyu. Idan ya jingina nauyinsa kusan duka a kan ƙafa ɗaya, daga wannan ƙafar za ka auna.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan matakin kada ka yarda da kimar ido. Lissafin yana raba 25 da nisan da ka samu. Lambar da ta fito, da irinta na matakan da ke gaba, su ake ninkawa a ƙarshe da tushen nauyi na kilo 23 don a san nauyin da aka yarda a ɗaga. Santimita 25 na ba da 1.00, wato ba a rage komai ba. Santimita 35 na ba da 0.71. Santimita 50 na ba da 0.50, rabin nauyin da aka yarda da shi ya tafi ke nan. Kuskuren tsawon yatsa ɗaya ya isa ya sauya hukuncin gaba ɗaya.

Duk abin da ya gaza 25 ana rubuta shi 25. Abin da ya wuce 63 kuwa lissafin sifiri yake bayarwa, ma'ana ba a yarda a ɗaga komai a wannan nisan ba.

Idan ba halin tsayar da aiki, akwai ƙiyasi: auna faɗin kayan daga ɓangaren da ke fuskantar mutum zuwa ɗaya ɓangaren, ka raba biyu, ka ƙara 25 idan hannu na ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, ko ka ƙara 20 idan ya kai haka ko ya fi. Buhunmu faɗinsa 40, rabinsa 20, yana ƙasa, don haka 45. Raba 25 da 45, ka sami 0.56.

Gargaɗi: kada ka auna daga yatsun ƙafa ko daga ciki. Masu farawa da yawa daga nan suke aunawa, sai nisan ya ragu, aiki mai haɗari ya fito kamar lafiyayye.

Mataki na 5: Auna tsayin hannu da tazarar ɗagawa

Harafin V shi ne tsayin hannu daga inda mutum yake tsaye, a lokacin da ya kama kayan. Hannu ake aunawa, ba saman buhu ko gindinsa ba. Wurin da ya fi daɗi ga jiki shi ne santimita 75, kusan inda hannu yake kaiwa idan mutum ya tsaya ya sake shi. Kowane santimita ɗaya sama ko ƙasa da 75 yana rage 0.003. Mai lodinmu yana kama buhu a santimita 15. Bambancin 60 ne, a ninka da 0.003 ya zama 0.18, a cire daga 1 ya rage 0.82. Sama da santimita 175 sifiri ne.

Harafin D kuma tazarar da hannu ya yi daga farko zuwa ƙarshe. Ya saki buhu a santimita 110, don haka 95. Raba 4.5 da 95, ka ƙara 0.82, ka sami 0.87. Abin da ya gaza 25 a rubuta 25.

Gargaɗi: idan mutum yana tsaye a kan buhuna ko a cikin mota, daga tafin ƙafarsa ake aunawa, ba daga daɓen sito ba. Sannan idan kayan na buƙatar a ajiye su a hankali, kamar kiret ɗin ƙwai ko kwalabe, ko sai an riƙe an daidaita, to sai ka sake auna komai a wurin ajiyewa, ka yi lissafi biyu, ka ɗauki mafi muni. Buhun shinkafa sakinsa ake yi, don haka lissafin farko ya wadatar.

Mataki na 6: Auna karkata

Harafin A. Ja layi da alli daga tsakiyar idon sawunsa zuwa gabansa sak, yadda zai fuskanta idan ya tsaya bai murɗa jiki ba. Ja wani layin daga wuri ɗaya zuwa alamar da ka yi ƙarƙashin hannayensa. Kusurwar da ke tsakani ita ce A. Kowane digiri yana rage 0.0032. Buhunanmu suna gefensa da digiri 45, abin da ya ba da 0.86. Digiri 90 na ba da 0.71, sama da 135 kuma sifiri.

Gargaɗi: wani yana juya ƙafa ya fuskanci buhun, wani kuma ƙugu kawai yake murɗawa, har mutum ɗaya ma yakan daina juya ƙafa idan ya gaji. In ka ga ana yin duka biyun, rubuta na murɗa ƙugun.

Mataki na 7: Ƙidaya yawan ɗagawa da tsawon aiki

Harafin F. Saita agogo minti 15, ka ƙidaya sau nawa mutum ɗaya ya ɗaga, ka raba da 15. Namu ya ɗaga sau 30, wato 2 a minti.

Sai tsawon aiki, wanda lissafin ya kasa uku: awa ɗaya ko ƙasa, sama da awa ɗaya zuwa biyu, sama da biyu zuwa takwas. Amma rukunin farko da na biyu suna da sharaɗin hutu. Aikin awa ɗaya sai an bi shi da hutu ko aiki mara nauyi da bai gaza tsawon aikin ba. Na awa biyu kuma sai an sami hutun da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin. In hutun bai kai ba, ana haɗa lokutan ne a ɗauke su aiki ɗaya. Wanda ya loda mota ta minti 50, ya sha ruwa na minti 5, wata motar ta shigo, haka har la'asar, yana rukuni na uku, ko da kowace mota ba ta kai awa ba.

Ga kaɗan daga jadawalin, a jere daga gajeren aiki zuwa matsakaici zuwa dogo. Ɗagawa 1 a minti: 0.94, 0.88, 0.75. Ɗagawa 2: 0.91, 0.84, 0.65. Ɗagawa 4: 0.84, 0.72, 0.45. Ɗagawa 6: 0.75, 0.50, 0.27. Ɗagawa 8: 0.60, 0.35, 0.18. Sama da 15 a minti sifiri ne. Mai lodinmu yana yin awa ɗaya da rabi sannan ya huta sosai, don haka 0.84.

Masu gidan fiya wata su dubi wannan jadawalin da kyau. Leda ɗaya mai guda 20 kilo 10 ce kacal, kowa yana ganin ba nauyi. Amma yaron da ke jefa leda 8 a minti tun safe har yamma, ko da komai na tsayuwarsa daidai ne, nauyin da lissafi ya yarda masa bai wuce kilo 4 da 'yan kai ba. Yana ɗaukar fiye da ninki biyu ke nan. Irin wannan aikin ne ke cin baya a ɓoye, don babu wanda ke tausaya wa mai ɗaukar abu mara nauyi.

Gargaɗi: kada ka raba yawan buhunan yini da awannin yini. Hakan yana narkar da lokacin rububi a cikin lokacin zaman jira. Ƙidaya a lokacin da ake cikin aikin.

Mataki na 8: Duba mariƙi

Harafin C, kuma daraja uku gare shi. Mai kyau: akwati mai hannu ko ramin sa hannu da ya dace, 1.00. Matsakaici: babu hannu amma yatsu na iya lanƙwasawa ƙarƙashin kayan, kamar kwali mai ƙwari, 0.95 idan hannu na ƙasa da santimita 75, ko 1.00 idan ya kai. Mara kyau: kaya mai kaifi, mai santsi, mai wuyar runguma, ko buhun da ke lotsawa a tsakiya, 0.90. Buhun shinkafa, siminti ko taki duk a nan suke. In ka yi shakka tsakanin daraja biyu, ɗauki ta ƙasa.

Mataki na 9: Jarraba manhajar kafin ka ba ta amana

Kafin ka shigar da lambobinka, shigar da waɗannan: nisa 25, tsayi 75, tazara 25, karkata 0, ɗagawa 0.2 a minti, aikin ƙasa da awa ɗaya, mariƙi mai kyau. Dole ta ba ka kilo 23, ko fam 51 idan ma'aunin Amurka take kai. Kilo 23 shi ne tushen lissafin, wato nauyin da aka yarda da shi idan komai ya yi daidai. Sai ka mai da nisa 50, amsa ta koma 11.5. Ka mai da shi 70, ta ba ka sifiri ko ta ƙi karɓa.

Wasu manhajojin da suka bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 11228-1 daga kilo 25 suke farawa, wasu kuma suna rage shi gwargwadon jinsi da shekaru. Wannan ba laifi ba ne, muddin ta faɗa maka. Wadda ba ta nuna maka lambar kowane sashe daban, sai dai ta haska ja ko kore kawai, ba za ta taimake ka wajen gyara ba.

Akwai kuma masu karɓar kalmomi maimakon lambobi, irin su "kusa", "nesa kaɗan", "nesa sosai". Suna da amfani wajen zagayen farko, idan kana son tace ayyuka ashirin ka ga waɗanda suka fi muni. Kafin ka dogara da su, nemi sanin santimita nawa suke nufi da "kusa".

Gargaɗi: duba ko inci take so ko santimita. Wanda ya zuba 45 a gurbin inci ya gaya mata kusan santimita 114 ke nan.

Idan ba ka sami manhajar da ta kwanta maka ba, gina taka a Excel ba wuya. Layi shida na lambobin da muka lissafa, layi ɗaya na ninkawa, sai ƙa'idojin "idan": idan hannu ɗaya ne, tsaya, idan nisa ya wuce 63, sifiri, idan lambar nisa ce mafi ƙanƙanta, shawara ita ce a matso da kaya. Manhajar gwani ke nan a mafi sauƙin siffarta.

Mataki na 10: Shigar da lambobi, ka karanta hukunci

Manhajar za ta ninka 23 da 0.56, da 0.82, da 0.87, da 0.86, da 0.84, da 0.90. Amsa kusan kilo 6 ce. Wannan shi ne RWL, nauyin da kusan duk lafiyayyen ma'aikaci zai iya ɗagawa a wannan yanayin ba tare da ƙarin haɗari ga bayansa ba. Daga nan ta raba nauyin gaske da shi: 25 a raba da 6, kusan 4.2. Wannan ita ce LI, alamar haɗari.

Alama 1 ko ƙasa da haka, aikin na cikin ƙa'ida. Sama da 1, haɗari ya fara shiga ga wasu ma'aikata, kuma yana ƙaruwa yadda lambar ke ƙaruwa. Sama da 3, haɗarin ya shafi ma'aikata da yawa, har da ƙarfafa, kuma gyara ba ya jira. Da buhun kilo 50 ne a wannan tsayuwar, da alamar ta wuce 8.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai sito ya sani. Tunda 23 ne ƙololuwa, buhun siminti ko taki mai kilo 50 ba zai taɓa sauka ƙasa da 2.2 ba a hannun mutum ɗaya, kome kyawun tsari. Buhun hatsi mai kilo 100 irin na Dawanau kuwa daga 4.3 yake farawa. Babu salon durƙusawa da zai gyara wannan.

Na san abin da za a ce: ai ga su nan suna ɗauka shekara da shekaru. Haka ne. An gina iyakar ne a kan matsin da faifan guringuntsin da ke ƙasan ƙashin baya zai jure, kusan nauyin kilo 350, da kuma abin da kashi 75 cikin ɗari na mata da kashi 99 na maza za su iya. Ba ta ce wane zai faɗi gobe ba. Amma waɗanda kake gani a bakin tirela su ne waɗanda suka rage. Tambayi dattawan wurin ina waɗanda suka fara tare da su, za su lissafa maka masu zaman gida.

Gargaɗi: idan ana ɗauka daga jeri mai hawa-hawa, na sama daban yake da na ƙasa. Auna hawan ƙasa, na tsakiya da na sama kowanne daban, ka shigar da su a sashen ayyuka da yawa, wanda ke ba da haɗaɗɗiyar alama mai suna CLI. Kada ka ɗauki matsakaicin tsayi, domin matsakaicin ƙasa da sama yakan faɗo kusa da 75, sai aiki ya fito fes alhali ba haka yake ba.

Mataki na 11: Nemo mafi ƙanƙantar lamba, ka gwada gyara a manhaja

A nan manhaja ke biyan wahalarka, don kana iya gwada gyara goma ba ka kashe ko sisi ba. Jera lambobin shida, ka fara da mafi ƙanƙanta. A namu, nisa ne da 0.56, sai tsayi da 0.82.

Mu ce an ɗaga buhunan kan dandamali yadda hannu zai kama su a santimita 75. Tsayi ya koma 1.00. Tazara ta ragu zuwa 35, wato 0.95. Tunda gwiwa ba ta tare hanya yanzu, yana iya matsowa ya rungumi buhun, nisa ya zama 35, wato 0.71. An jera su a gabansa, karkata ta koma 1.00. Sabon RWL kusan kilo 11.7, alama 2.1. An rage rabi da bulo, katako da sauya wurin tsayawar mota. In aka ƙara mutum ana karɓa-karɓa, kowa ɗagawa 1 a minti na ƙasa da awa ɗaya tare da isasshen hutu, alamar ta sauka zuwa 1.9.

Ka lura har yanzu ba ta kai 1 ba. Abin da ya rage sai a rage nauyin ko a kawar da ɗagawar: dandamali daidai tsayin bayan mota yadda za a tura kaya da kura, ko katakon zamiya wajen saukewa, ko mutum biyu a buhu ɗaya, ko ƙananan buhuna.

Gargaɗi na farko: ƙaramin buhu yana ƙara yawan ɗagawa, kuma ka ga yadda jadawalin mataki na 7 yake faɗuwa da sauri. Shigar da sabon nauyi tare da sabon yawan ɗagawa, ba ɗaya kaɗai ba.

Na biyu: yawancin 'yan dako a kan buhu ake biyansu. Duk gyaran da zai rage buhunan da mutum ke ɗauka a yini ba tare da an taɓa farashi ba, cikin mako guda za a watsar da shi, kuma ba laifinsu ba ne, don da kuɗin ake cefane. Ka zauna da maigida da shugabansu a daidaita wannan tun kafin a kawo bulo.

Na uku: ɗamarar baya da ake sayarwa ba ta canja ko lamba ɗaya a lissafin nan. NIOSH ta duba batun a 1994, ta ce babu isasshiyar hujjar cewa tana hana rauni. Kuma kada a mai da sakamakon hanyar tace mutane, a ce a kawo samari a sallami dattawa. Alamar ta aikin ce, tana nan a 4.2 ko wa ya tsaya a wurin.

Mataki na 12: Tambayi masu aikin, sannan ka sake aunawa

Manhaja ba ta san wanda ya kwana yana juyi ba. Zana hoton jikin mutum a takarda, ka keɓe kowa shi kaɗai, ba a gaban maigida ba, ya nuna maka inda ke yi masa ciwo cikin makon da ya wuce da kuma cikin shekara. Ka tambaya cikin ladabi ko sai ya sha maganin ciwo yake iya aiki. Mai shan tiramol don ya kai yamma zai ce maka lafiya lau, alhali ciwon rufe shi kawai aka yi. Kada ka rubuta suna a wannan takardar.

Gargaɗi: wanda ciwon bayansa ke sauka ƙafa tare da mutuwar jiki ko raunin ƙafa, ya ga likita ba da jinkiri ba. In kuma ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya tausa ko ɗori.

Bayan an yi gyaran da mako biyu zuwa huɗu, koma da tef da allinka, a irin lokacin da ka auna na farko, ka bi daga mataki na 3 zuwa na 10. Sau da yawa za ka tarar dandamalin ya cika an koma jibgewa a ƙasa, ko direba ya koma tsayawa inda ya saba, karkatar ta dawo. In haka ne, shafa fenti a ƙasa inda tayar mota za ta tsaya da inda jerin buhu zai ƙare. Rubuta kwanan wata, zafin wurin, lambobin shida da alamar a shafi ɗaya da na farko, ka ba maigida kwafi, ka ba shugaban 'yan dako kwafi.